Saki Uku a Akwatin Alhaji Muntaka

Wani ne a Tudun Wadar Zariya, lokacin da talabijin ya fara shigowa gari, wasu Turawan ma ba su gama ɗaure kayansu ba. Mutumin nan ba shi da wata sana'a tsayayya. Abu guda yake taƙama da shi: wai yana jin Turanci.

Kun san inda ya samo Turancin? Tun zamanin mulkin Turawa ya taɓa aiki a gidan wani Baturen jirgin ƙasa, yana ba furanni ruwa. In Bature zai kira shi sai ya ce, "Kamiya," shi kuma sai ya amsa, "Yassa." Ran nan aka ce ya ba duk furen gidan ruwa. Gogan ya gama da na tsakar gida, ya shiga falo ya ba na jikin labule, ya ba na jikin kujera, ya juyo da bokiti zai ba na jikin rigar uwargida. Nan ya koyi kalma ta uku, wadda aka kore shi da ita: "Gerawut!"

Da waɗannan ukun ya dawo unguwa, ya ce ya sauke Turanci.

To akwai wani Alhaji Muntaka, dillalin auduga. Shi ya fara sayen talabijin a layinsu. Aka ɗaura eriya a kan doguwar gora, aka girke akwati a zaure, aka rufe shi da farin ƙyalle kamar amarya. Alhaji yana da ƙanwa bazawara, Lauratu, wadda ta rantse ta gama auren ƙauyawa, sai wayayye. Mutum biyu ke nemanta: gogan namu, da Ɗantsoho mahauci. Ɗantsoho yana aika mata tsire da ƙoda. Gogan kuwa sai dai ya tsaya a ƙofar gida ya gyara hula ya ce, "Yassa."

Wata Asabar bayan magariba zaure ya cika. Maza a kan tabarmi, mata a bayan labulen ƙofar cikin gida. Malam Salmanu, malamin unguwa, ya ce shi ba ya kallon hotuna. Sai ya zauna ya ba akwatin baya, amma ya zaɓi wurin da ya fi kusa da shi.

Aka kunna. Sai ga Turawa cikin wata irin shiga. Maza da farin gashi nannaɗe har kafaɗa da safa har gwiwa, mata da siket kamar an kife kwando. Ga wani tsoho zaune, ƙafarsa ɗaya a naɗe da bandeji, an ɗora ta a kan kujera. Ga 'yarsa budurwa tana fifita. Suna ta surutu, can kuma sai a ji wasu da ba a gani suna kwashewa da dariya.

Alhaji ya ce, "Jama'a, mun sayi ido mun bar kunne. Ba mai jin yarensu?"

Gogan ya miƙe. Ya dubi labule. Ya ce, "Alhaji, ina nan kake cigiya?"

Aka matsa masa gaba, har da ba shi matashi.

Sai ga wani saurayi ya shigo. Ya cire hula, ya share ƙasa da ita, ya dafa ƙirji, ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, har Ɗantsoho ya fita ya yi tsarki ya dawo bai gama ba.

Alhaji ya ce, "Me ya ce?"

"Sallama ya yi."

"Duk wannan?"

"Sallamarsu doguwa ce. Sai an gaida kowa har karen gida."

Tsohon ya buga sanda a ƙasa, ya faɗi kalma ɗaya tak.

"Shi kuma fa?"

"Ya ce shi bai hana shi 'yarsa ba, amma ya je ya turo manyansa, kuma ya sani gidan nan ba a zance bayan isha'i, kuma wanda ya zo bara ya fi shi tsayi amma bai samu ba."

Ɗantsoho ya ce, "Duk a kalma ɗaya?"

"Turancin tsofaffi ke nan. A dunƙule yake, kamar dawo."

"To su wa ke dariyar nan?"

"'Yan biki ne. Suna cikin gida suna jiran a sa rana."

Aka kori saurayi. Jim kaɗan sai ga wata nas ta zo duba ƙafar tsoho. Doguwa, kafaɗa kamar ta mai dakon auduga, takalmi kamar kwalekwale. Tsoho na ganinta ya manta da ciwo, ya hau murza gashin baki.

Ɗantsoho ya ce, "Anya wannan mace ce?"

Gogan ya ce, "Kai da ba ka taɓa wuce Gyallesu ba, ina ka san mata? Matan Landan ke nan. Dankali suke ci."

Ita kuma budurwar ta shiga ɗaki. Can sai ga wani ɗan siririn yaro da gashin baki ya fito daga ɗakin, kwat ta yi masa yawa. Gogan ya ce wanta ne, yanzu ya dawo daga soja. Yaron ya ci karo da nas, suka hau harara, suka hau cacar baki, nas ta ɗauki lema, yaro ya ɗauki tsintsiya. Tsoho ya taso da ƙafa ɗaya zai raba. Aka yi kicimilli. Sai gashin nas ya faɗo ƙasa: ga saurayin nan da aka kora. Gashin bakin yaro ya faɗo: ga budurwa.

Zaure ya ɗauki salati. Malam Salmanu ya ce, "Me ya faru? Me ya faru?" yana son waigowa yana fasawa.

Shi kansa gogan bakinsa a buɗe. Alhaji ya girgiza shi. "Tafinta! Matar ta zama namiji!"

"E... haka suke."

"Haka suke yaya?"

"In mace ta ji haushi sosai, sai ta koma namiji. Shi kuma namijin, don kada gida ya zauna ba mace, sai ya karɓe ta. Canjin aiki suke yi, kamar masu gadi."

Aka dai ɗaura aure a cikin akwati, tsoho ya yi kuka, aka yi rawa, aka ja labule. Ranar Alhaji ya shiga gida ya zauna yana ta kallon Hajiyarsa. Ta ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ina dai fatan ban ɓata miki rai ba."

To su masu gidan talabijin a lokacin kayansu kaɗan ne. Da Asabar ta zagayo, sai suka sake sako wasan nan. Shi dai, ba ƙari ba ragi.

Zaure ya fi na da cika. Har daga Dutsen Abba an zo. Aka kunna. Ga tsoho da ƙafarsa. Ga budurwa da maficinta. Ga saurayi yana share ƙasa da hula.

Ɗantsoho ya ce, "Kai, tsaya. Ba waɗannan aka ɗaura wa aure ran nan ba? Me ya dawo da ita gidan ubanta?"

Ido ya dawo kan gogan. Ya yi gyaran murya. Ya girgiza kai cikin jimami.

"Ban so in faɗa ba. An rabu."

Mata a bayan labule suka ce, "Ayya!"

"A kan me?"

"Miya. Ba ta iya miya ba. Yanzu biko ya zo."

Malam Salmanu, bayansa ga akwati, ya ɗaga yatsa. "In biko ne cikin idda, ai ba sai an sake ɗauri ba. Ta gama idda ne?"

"Ta gama, Malam."

"Daga Asabar zuwa Asabar?"

"Ai agogon Ingila ya fi namu gudu."

Malam ya ce, "Allah mai iko." Ya ce a riƙe masa lissafi: saki ɗaya.

Saurayi ya hau dogon zancensa. Gogan ya ce haƙuri yake bayarwa, ya ce sharrin maƙwabta ne, ya ce daga yau ko ruwan zafi ta dafa zai sha.

Ɗantsoho ya ce, "Wancan makon ka ce sallama ce. Kuma wallahi hannunsa a wurin nan ya dafa."

"To in ka je biko ba ka sallama?"

Aka yi wa Ɗantsoho ca, aka ce ya bar mutane su ji.

Da nas ta shigo, zaure ya rikice. Kowa ya san ta yanzu. "Baba, namiji ne! Baba, dubi ƙafar!" Tsoho ko a jikinsa, sai murza gashin baki yake. Alhaji ya ji tausayinsa. Ya ce, "Tafinta, dattijon nan tsarana ne. Gaishe mini da shi. Ka ce ya bar bandejin nan, ya samu man shanu da kanwa ya riƙa shafawa."

Gogan ya durƙusa, ya sa baki a jikin akwati. "Kamiya! Yassa! Kamiya!"

Daidai nan nas ta taka ƙafar tsoho, ya kurma ihu.

"Ya ce ya gode. Ya ce yaya kasuwar auduga."

Alhaji ya washe baki. "Ka ce masa sai godiya."

A bayan labule aka ji Lauratu tana cewa, "Kun ji mutum har da Turawa yake hira." Ɗantsoho ya ji. Tsiren da ya zo da shi a takarda, shi ya zauna ya cinye abinsa.

Gashi ya sake faɗuwa, aka sake ɗaura aure. Mata suka yi guɗa, suka ce Allah Ya sa ta koyi miyar.

Asabar ta gaba, ga ta a gidan ubanta kuma. Wannan karon gogan ya ce a kan kare ne, wai ta fi kula da kare a kan miji. Malam ya ce saki biyu. Ya ce a gaya wa yaron nan mijinta ya kama bakinsa, igiya ɗaya ta rage masa. Gogan ya gaya masa: "Yassa, yassa, kamiya." Yaron ya durƙusa a gaban budurwa. Gogan ya ce ya ji, ya ce ba zai ƙara ba.

Ranar da za a yi ta huɗu, tun la'asar zaure ya cika. Wasu na cewa wannan karon za su zauna, wasu na cewa yaron nan bakinsa ba linzami. Aka yaye ƙyalle. Aka kunna.

Ga tsoho. Ga ƙafa. Ga budurwa tana fifita.

Zaure ya yi tsit.

Malam Salmanu ya ce, "Na ji shiru. Tana gidan wa?"

Aka ce, "Gidan ubanta, Malam."

A ranar Malam ya juyo. Ya fuskanci akwati sosai, ya gyara rawani. "Saki uku. Igiya ta ƙare. To me yaron yake nema da hularsa?"

Gogan ya ce, "Wucewa yake, ya tsaya gaisuwa."

"In gaisuwa ce, to."

Amma ina. Ga nas ta shigo. Ga lema, ga tsintsiya. Tun kafin gashi ya faɗo kowa ya san inda aka dosa. Malam ya miƙe tsaye.

"Alhaji Muntaka! A zaurenka? A gabana? Mace ta saku uku, ba ta auri wani ba, ba ta fito ba, a mayar da ita? Ko ƙafar uban ba ta warke ba!"

Alhaji ya rikice. "Malam, to ni yaya zan yi? Kashewa zan yi?"

"In ka kashe ai a ɓoye za su ɗaura. Tafinta, gaya musu! Ka ce ni na ce auren nan bai halatta ba. Ka kawo musu hujja."

Gogan ya lalubi Turancinsa. Kamiya ba ta da hujja. Yassa ba ta da hujja. Gashi ya faɗo. Gashin baki ya faɗo. Ga tsoho ya kama hannun yaro, ya kama na yarinya, zai haɗa. Malam na ihu, mata na ihu, Ɗantsoho na murmushi. Gogan ya rufe ido, ya tattara duk ƙarfinsa, ya daka wa akwati tsawa:

"Gerawut!"

Ɗif. Wutar lantarki ta ɗauke. Unguwa gaba ɗaya.

Duhu ya rufe zaure. Can aka ji muryar Malam a hankali: "Sun tafi?"

Gogan ya buɗe ido. Ya ce, "Sun tafi, Malam. Sun ji kunya."

"Har da fitilunmu?"

"Na ɗan yi musu da ƙarfi."

Kafin gari ya waye labari ya kai Hanwa. Ana nuna shi a kasuwa: ga wanda ya raba haramtaccen aure a Landan yana zaune a Tudun Wada. Mai shayi ya daina tambayarsa kuɗi, sai dai ya zuba. Wani ya kawo rediyonsa da ya ƙi magana, a yi masa tsawa. Alhaji ya kira shi gefe ya ce, "Yaro, ka turo manyanka." Lauratu kuwa in ta ji tafiyarsa sai ta ce wa ƙawayenta, "Ga Baturena nan."

Ɗantsoho ya kasa cin abinci. Sai ya tuna da wata mai sayen nama a wurinsa, Malama Saratu, malamar makaranta daga Wusasa. Ita Turanci a bakinta kamar ruwa. Ya zaɓo mata cinya mafi kyau, ya ce kyauta ce, shi dai ta daure ta zo kallo ran Asabar.

Ta zo, da ɗankwalinta da 'yar jakarta. Alhaji ya sa aka kawo mata kujera. Gogan na ganinta ya ja da baya. Ya ce shi yau maƙogwaronsa na ciwo. Ɗantsoho ya ce ba komai, ga citta.

Aka kunna. Ga tsoho. Ga ƙafa. Ga budurwa. Ga hula.

Malam ya buga sanda. "Sun dawo? Kai, mutanen nan da taurin kai! Tafinta, ƙara musu."

Malama Saratu ta ce, "A ƙara musu me, Malam?"

Aka kwashe labari aka gaya mata, tun daga miya har kare har saki uku. Matar nan ta yi dariya har jakarta ta faɗi. Ta share hawaye ta ce, "Baba, ku yi haƙuri. Wannan wasan kwaikwayo ne, tsohon wasan Turawa na ban dariya. Sau ɗaya aka ɗauki hotonsa, shi ake ta maimaita muku. Ba wanda ya saki wani. Ba wanda ya auri wani ma. Saurayin shigar mata ya yi don ya ga yarinyar, ita kuma ta yi shigar maza don ta fita nemansa."

Malam ya ce, "To fatawar da na bayar fa?"

Alhaji ya ce, "To man shanun fa? Ya ce mini ya gode."

"Ihu ya yi, Alhaji. Ƙafarsa aka taka."

Alhaji ya juya a hankali ya dubi gogan. Kowa ya juya.

Gogan ya gyara zama. "Alhaji, Turanci kala-kala ne. Ita na makaranta ta iya. Ni na jirgin ƙasa na iya. Ba layinsu ɗaya ba."

Ɗantsoho ya yi tsalle. "To a gwada! Malama, yi masa magana. Alhaji, in ya fassara daidai, na bar masa Lauratu, har naman biki ni zan yanka."

Alhaji ya ce, "An yi haka. Malama, bismilla."

Aka rage muryar akwati. Labule ya motsa, idanun mata suka jeru. Malama Saratu ta dubi gogan, ta yi masa wata 'yar gajeriyar magana da Turanci, a hankali, irin yadda take yi wa 'yan aji ɗaya.

Gogan ya ce, "Yassa."

Ta sake maimaitawa.

Gogan ya sunkuyar da kai. Ya hau zane a tabarma da yatsa.

Alhaji ya ce, "Muna jinka. Me ta ce?"

"Alhaji, da nauyi."

"Faɗi!"

"A gaban Malam?"

"Na ce ka faɗi!"

Gogan ya ja dogon numfashi. "Cewa ta yi tun da ta shigo zauren nan ba ta ga kowa ba sai ni. Ta ce ba don kallo ta zo ba. Ta ce in bar Lauratu, wai ita tana da keke da albashi."

Labule ya yage. Lauratu ta faɗo zaure, mayafi a ƙugu. "Keke? Da keke za a raba ni da shi? Yaya, wallahi gobe za a ɗaura! Ɗantsoho, je ka wasa wuƙarka!"

Ɗantsoho ya ɗora hannu a ka. Malam na neman takalminsa. Malama Saratu ta miƙe, ta nuna gogan da yatsa.

"Ƙarya yake yi! Alhaji, ƙarya ce tsagwaronta! Ni tambayarsa kawai na yi, yaya sunanka!"

Gogan ya dubi Alhaji, ya buɗe hannuwa.

"To ka ji da kunnenka, Alhaji. Ai duk da tambayar suna suke farawa."